Kafin a ci bashin jirgin ƙasa, a fara rufe mana kwata

Kwanan baya muna zaune a majalisa bayan isha'i aka ɗauko zancen jirgin ƙasa na cikin gari da ake ta cewa za a yi a Kano da Kaduna, wani abokinmu har da miƙewa tsaye don murna, wai shi ke nan mun kusa zama Dubai. Sai na tambaye shi, to malam idan an yi ruwan sama daga ƙofar gidanku zuwa bakin titi ta ina kake bi? Ya yi dariya ya ce ta kan dakalin maƙwabta, yana dafa bango. Aka yi ta dariya aka wuce zancen, amma ni abin bai ba ni dariya ba sam.

Ra'ayina a fili yake kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Ban ƙi jirgin ƙasa ba, amma a halin da garuruwanmu suke ciki yau, idan gwamnati tana da kuɗin sufuri, ko nata ko na bashi, to hanyar masu tafiya a ƙafa da masu keke ya kamata ta fara ci. A rufe kwata da kwalbati, a yi gefen titi mai faɗi da mutum zai taka ba tare da mota ta shafe shi ba, a dasa itatuwa, a sa fitila, a ware wa keke layinsa. Jirgi ya biyo baya, a inda lissafi ya nuna lallai sai da shi. Abin da muke yi yanzu babbar riga ce ba wando.

Mu duba Abuja tunda an riga an gwada

Ba sai mun je nesa ba. An ba da kwangilar jirgin cikin garin Abuja tun 2007 ga kamfanin CCECC na ƙasar Sin, kuɗin aikin ya haura dala miliyan 800, a ciki dala miliyan 500 bashi ne daga bankin Exim na Sin. Sai a watan Yulin 2018 Buhari ya buɗe shi, wato shekara 11 ana jira. Layin dogon wajen kilomita 45 ne, tashoshi 12. Ya ɗan yi aiki, korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, kuma tsayuwar da ya yi ke nan sai da aka shekara huɗu, ɓarayi suna ta kwashe wayoyi da ƙarafa, har sai ranar 29 ga Mayun 2024 da Tinubu da Wike suka sake buɗe shi, aka ce kowa ya hau kyauta.

To ina jirgin yake zuwa? Daga tashar tsakiyar gari ya bi ta filin wasa, Kukwaba, Wupa, Idu, ya miƙe filin jirgin sama. Ɗaya reshen kuma daga Idu ya bi Gwagwa, Dei-Dei, Kagini zuwa Gbazango a wajen Kubwa. Duk wanda ya taɓa zama a Abuja ya san inda jama'ar take. Mutanen da ke share ofisoshi, masu gadi, direbobi, ƙananan ma'aikata, 'yan kasuwar Wuse, yawancinsu daga Nyanya da Karu da Mararaba da Masaka suke fitowa tun da asuba, su ne ke cikin wannan gosulon na hanyar AYA kullum safe da yamma. Jirgin bai leƙa can ba ko da wasa.

Kuma ko tashoshin da aka gina ɗin, da yawansu a bayan gari suke, wasu ma sai da za a sake buɗewa a 2024 sannan aka yi musu titin shiga. Ka ji fa. An gina tasha ta miliyoyin daloli amma babu hanyar da mutum zai bi ya iso ta. Idan ka sauka a tashar tsakiyar gari kana son zuwa sakatariya ko Wuse, sai ka sake neman tasi, don tafiyar ƙafa a wannan yankin jarrabawa ce, tituna masu layi-layi, motoci na gudu kamar an koro su, inuwa babu.

Wannan shi ne abin da masu zumuɗin jirgi ba sa son ji. Fasinjan jirgi da ƙafarsa yake fita daga gida, da ƙafarsa kuma yake ƙarasawa inda za shi. Jirgi ba ya shiga lungu, ba ya sauke ka a ƙofar shago. Idan tsakanin gidanka da tasha akwai kilomita biyu na taɓo da duhu da 'yan ƙwacen waya, adaidaita za ka tara, idan kuwa ka riga ka biya adaidaita to gara kawai ya kai ka har inda za ka, me ya kai ka jiran jirgi.

Maganar kuɗi

Raba dala miliyan 800 gida 45, za ka ga kowace kilomita ɗaya ta jirgin Abuja ta ci wajen dala miliyan 18. Kilomita ɗaya tak. Ka tsaya ka yi tunanin intalok nawa, murfin kwata nawa, fitilar sola nawa, dashen darbejiya nawa wannan kuɗin zai yi.

Sannan bashin da dala aka ci shi, tikiti kuwa da naira ake sayarwa. Lokacin da aka sa hannu kan bashin a 2012 dala ba ta kai naira 200 ba, daga baya ta haura 1,500. Ko jirgin yana tafiya ko yana fake, ko akwai fasinja ko babu, bashin nan yana nan yana jira, kuma da kuɗin mai noman gero a Gumel da mai sayar da ƙosai a Potiskum ake biya, mutanen da watakila har su koma ga Allah ba za su taɓa ganin ƙofar jirgin ba.

A nan Kano ma ai ba yau aka fara ba. A zamanin Ganduje an yi ta maganar jirgin cikin gari na dala biliyan 1.85, bashi daga Sin, aka yi ta cece-ku-ce har zancen ya lafa. Kuɗin ya ninka kasafin jihar na shekara guda a lokacin. Yanzu zancen ya sake dawowa da sabuwar riga, kuma har yau ban ji wanda ya tashi ya ce ga biliyan kaza mun ware don mai tafiya a ƙafa ba.

Akwai wani gari a Sifaniya, Seville, da misalinsa yake burge ni don abu biyun duka suka yi a kusan lokaci guda, sai ya zama ana iya auna su. Sun gina layin jirgin ƙasa guda ɗaya mai kilomita 18 da ya ci sama da yuro miliyan 600. Sun kuma shimfiɗa hanyoyin keke wajen kilomita 120, a haɗe da juna, an raba su da titin mota da shinge, a kan kimanin yuro miliyan 32. Cikin 'yan shekaru tafiye-tafiyen keke a garin suka kai wajen dubu 70 a rana, fiye da abin da jirgin yake ɗauka a lokacin. Ba wai jirgin nasu bai yi amfani ba, yana yi, amma ka dubi abin da ɗan ƙaramin kuɗin ya haifar.

Habasha kuma ta ɗanɗana ɗaya ɓangaren. Jirgin Addis Ababa da aka buɗe a 2015 kan dala miliyan 475, shi ma bashin Sin, da farko duk Afirka ana ta nuna shi, amma ba a jima ba yawancin taragunsa suka tsaya saboda babu kayan gyara kuma babu dalar sayo su. Gina jirgi abu ɗaya ne, riƙe shi shekara 30 wani abu ne daban, mu kuma mun san halinmu da gyara.

"Ai talaka za a yi wa jirgin"

Wannan ita ce hujjar farko da ake jefo min. To wane talakan? Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ce kusan mutum 8 cikin 10 a Afirka da ƙafa suke zirga-zirgarsu ta yau da kullum. Mu ma ba sai an kawo mana rahoto ba, fito bakin titi da ƙarfe bakwai na safe ka ƙirga. Yara 'yan firamare da jakunkuna, 'yan Islamiyya, almajirai, 'yan talla da faranti a ka, mai baro, mai kurar ruwa, ɗan dako, tsoho zai je karɓar magani, mace da goyo za ta awo. Waɗannan su ne suka fi yawa a titi kuma su ne ba a taɓa zana titin da su a rai ba.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, mutanen da da ba sa tafiyar ƙafa ma sun fara. Ma'aikata sun ajiye motoci, wasu sun ajiye mashin, an kakkaɓe tsofaffin kekuna an kai wa mai faci. Wato jama'a da kansu sun riga sun zaɓa, ko kuma a ce tsada ta zaɓa musu, saura gwamnati ta bi su da aiki.

Ka je wajen Kantin Kwari ko Bata da yamma ka tsaya minti goma kawai ka kalli mai ƙafa. Gefen titin da ya kamata ya bi, rabinsa kwata ce a buɗe, baƙin ruwa da ledoji, ragowar rabin mai shago ya fito da kayansa, ga janareto, ga mota an faka. Dole ya sauko kan kwalta. Yana saukowa ɗan adaidaita ya danna masa hon a kunne, ya matsa, mai mashin ya fito ta hannun da ba nasa ba ya goge shi da madubi, kuma shi za a zaga, wai ba ya ganin gabansa. Na ga wata dattijuwa riƙe da hannun jikanta tana son tsallaka titi mai hannu biyu, ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye, har sai da wani saurayi ya shiga tsakiyar titin ya ɗaga hannu ya tare mata motoci, da suka kai tsakiya kuma ga shingen kankare ya kai mata ƙugu, sai da aka ɗaga yaron aka miƙa shi sannan ita ta zagaya can nesa inda aka fasa shingen. Wannan baiwar Allah jirgin dala biliyan ba zai canza mata komai a wannan ranar ba. Wurin tsallakawa mai tudu da ke tilasta wa mota rage gudu, shi ne zai canza.

Da damina kuwa abin ya wuce wahala ya koma hatsari. Ruwa ya rufe titi da kwata su zama ɗaya, ba ka san ina ramin yake ba. Kusan kowace shekara sai an ji labarin yaron da ruwa ya ja ta magudana. Murfin kankare nawa yake?

"Wa zai tuƙa keke a wannan ranar?"

Wannan hujjar tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba wasa ba ne, zafi na haura digiri 40. Amma abu biyu. Na ɗaya, Seville ɗin da na ambata tana cikin garuruwan da suka fi zafi a duk Turai, da bazara su ma suna ganin 40. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, mutanenmu ai suna cikin ranar tuntuni. Mai tafiya a ƙafa yana cikinta, mai jiran adaidaita yana cikinta, wanda zai taka zuwa tashar jirgi ma cikinta zai bi. Maganin rana inuwa ce, inuwa kuma itace ne.

Duk wanda ya bi tsofaffin titunan Nasarawa GRA ya san bambancin, iskar wurin ma daban take. Amma me muke yi? Duk lokacin da za a faɗaɗa titi, abin da ake fara yi shi ne sare itatuwan da suka shekara 50 a tsaye, a zuba kwalta daga bango zuwa bango, sannan a dawo ana cewa gari ya yi zafi ba a iya tafiya. Darbejiya ba ta son ruwa da yawa, cikin 'yan shekaru take yin inuwa, abin da take buƙata kawai a kare ta daga awaki tana ƙarama a kuma sami mai ba ta ruwa rani biyu na farko. Ko wannan kaɗai aikin yi ne ga dubban matasa.

Kuma Allah ya yi mana gata ɗaya da ba ma lura da shi, Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, in ka cire Dala da Goron Dutse babu wani hawa. Tafiyar kilomita biyar a keke ba tare da gaggawa ba minti 20 zuwa 25 ce. Yawancin zirga-zirgar cikin gari, gida zuwa kasuwa, gida zuwa makaranta, ba ta wuce haka da yawa ba. Maiduguri tun da aka hana babur a 2011 keke ya cika garin, manya da yara, kuma ranarsu ba ta fi tamu sauƙi ba.

"Keke ai koma baya ne"

Nan ne ainihin ciwon yake, in za mu faɗa wa juna gaskiya. Ba rana ba ce, kunya ce. A wurinmu wanda ya hau keke ana ganin ya gaza, in ya je neman aure ma sai ya jingine shi a bayan layi. Alhali iyayenmu da kakanninmu da kekunan Rali da Fonis suka yi aikin gwamnati, malamin makaranta da kekensa mai kariya da ƙararrawa mutum ne mai daraja a gari, har masana'antar haɗa kekunan Rali an yi a Kano. Daga baya kuɗin fetur ya zo, aka koma mashin da mota, keke ya zama na mai kai madara da ɗan aike.

Amma ina ganin rainin ba daga sama ya faɗo ba, titin ne ya koyar da shi. Idan hanya ta nuna cewa ran mai keke ba a bakin komai yake ba, to babu mai hawa sai wanda ba shi da zaɓi, daga nan kuma sai a ce ai keke na marasa galihu ne. Masu shekaru za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, da ya dage sai 'yan Najeriya sun koma keke, shi da kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja, har a 2001 wata bas ta ture shi ya faɗa rami. Aka yi ta yi masa dariya a jaridu. Ni a ganina maganarsa daidai ce, inda ya kuskure shi ne ya ce mutane su hau alhali bai gina musu inda za su bi ba. Wa'azi ba ya hana tirela taka mutum. Fenti ma ba ya hanawa, don in ka ja farin layi kawai ka ce nan na keke ne, kafin azahar 'yan adaidaita sun mayar da shi tasha. Sai an sa dakali ko shinge na gaske.

Mutanen Holand da Denmark da suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, ministocinsu a keke suke zuwa aiki. Bogota a Kolombiya, gari mai cunkoso da talauci irin namu, tana da hanyoyin keke sama da kilomita 500. Su ba su ji kunya ba.

"To mata fa?"

An ce min ai a ƙasar Hausa mace ba ta hawa keke, don haka rabin jama'a an bar su a baya. Gaskiya ne a yawancin garuruwanmu ba a saba gani ba, kodayake wanda ya je Wagadugu ya ga mata da zanensu da goyonsu a kan keke da mashin, a layin da aka ware musu a gefen manyan tituna, kuma ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su. Amma ban zo in yi wa kowa gardamar al'ada ba. Shi ya sa tun farko ƙafa na sa a gaba kafin keke. Wa ya fi mace amfana da hanya mai fitila bayan magariba? Wa ya fi ta wahala idan za a tsallaka titi da yara uku? Kai yara makaranta, zuwa asibiti, gidan biki, gidan gaisuwa, kasuwar unguwa, duk gajerun tafiye-tafiye ne da jirgi ba shi da abin da zai yi musu. Haka guragu masu keken hannu da makafi da 'yan jagoransu, su ma a tsakiyar motoci muke barin su.

"Legas fa, ba ga shi yana aiki ba?"

Yana yi, kuma na yarda Legas tana buƙatarsa. Garin da ruwa ya matse, mutum sama da miliyan 15, kowa yana son shiga tsibiri ɗaya da safe ta gadoji uku, wannan kam sai jirgi. Da ma an bar aikin jirgin da tsohon gwamnan Legas Jakande ya fara kafin sojoji su soke shi a 1985, da yanzu wani zancen ake. Amma ko a can a duba, layin jirginsu da ake kira shuɗi, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 ne kacal, an fi shekara 12 ana gina shi kafin ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023. Ita kuwa bas mai layinta daban da suka fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, cikin ɗan lokaci aka gama ta da kuɗi kaɗan, ta yi shekara 15 tana kwasar jama'a kafin jirgin ya motsa.

Kano ma wata rana za ta buƙaci abin da ya fi adaidaita, wannan ba gardama. Hanyar Zariya, hanyar Katsina, hanyar Hadeja, hanyar Gwarzo, duk suna iya ɗaukar manyan bas masu layinsu. A fara da wannan a ga yawan fasinjan da ake samu, a bar filin da za a shimfiɗa dogo nan gaba kada a yanka shi a sayar a yi shaguna. In bas ta cika ta kasa, lokacin jirgi ya yi, kuma lokacin an san ta inda zai bi, ba a zana shi a ofis a kai shi daji kamar na Abuja ba.

Me ya sa shugabanni ba sa so?

Don ba a yanka kintinkiri a kan murfin kwata. Jirgi da gadar sama suna fitowa a hoto, ana sa musu sunan wani babba, ana gayyato shugaban ƙasa. Dubi yawan gadojin sama da na ƙasa da aka yi a Kano daga zamanin Kwankwaso zuwa Ganduje zuwa yau, Ƙofar Nasarawa, Sabon Gari, Dangi, Hotoro, kowane gwamna sai ya yi tasa. Wasunsu sun rage cunkoso, ban musa ba. Amma je ka gwada wuce ɗaya daga cikinsu a ƙafa ko a keke ka ga yadda aka manta da kai gaba ɗaya.

Sannan akwai abin da kowa ya sani. Kwangila ɗaya ta biliyoyi da kamfani ɗaya na waje ta fi daɗin sha'ani a kan ƙananan ayyuka dubu da kowa zai iya zuwa ya auna da tef. Aikin gefen titi birkila na unguwa zai yi shi, mai buga bulo, mai walda, mai tifa, leburori, siminti namu, yashi namu, kuɗin a gari zai zagaya. Na jirgi kuwa tarago daga waje, injiniya daga waje, ko kusa ta lalace sai an nemo dala.

Mu ma talakawa da laifinmu. Gwamnan da ya rufe kwatocin unguwanni 100 za mu ce bai yi aiki ba, wanda ya yi gada ɗaya mai fitilu masu launi mu ce gwarzo ne, mu je can mu ɗauki hoton sallah.

"In an yi ma 'yan kasuwa za su mamaye"

Wannan ce hujjar da ta fi damuna don na san gaskiya ce. A yi gefen titi yau, gobe mai shayi ya kafa tebur, mai gwanjo ya baza, mai shago ya ƙaro rumfa, mai mota ya hau kai ya faka. Amma maganin ba kora da bulala ba ne, an sha yi ba ta ɗore ba, sati biyu sun dawo. Mai talla yana bin inda ƙafa take ne, kuma shi ma abincinsa yake nema, kasancewarsa a wurin ma da dare tsaro ne ga mai wucewa. A yi hanyar da faɗi, a ja iyaka, nan na mai teburi ne nan na mai wucewa, a karɓi ɗan harajin da dama ana karɓa, a bar wa ƙungiyar 'yan kasuwar layin alhakin tsare iyakar, duk wanda ya ƙetare su za su fara yi masa magana. Masu faka mota a kan hanyar mutane kuwa, ga aikin da 'yan KAROTA masu kula da titunan Kano za su yi a yi musu addu'a maimakon tsinuwa.

Kuma in har muna ganin ba za mu iya hana mai shayi hawa gefen titi ba, ban san da wane ƙarfin hali muke cewa za mu iya tafiyar da jirgin ƙasa mai sigina da jadawali da wutar da ba ta ɗaukewa ba.

Abin da nake roƙon 'yan majalisar jiha da 'yan jarida su yi kafin a sa hannu kan kowace takardar bashi ba shi da wahala. A nemi hukumar Abuja ta fito da adadin mutanen da ke hawa jirginta a rana, da abin da ake kashewa a wata wajen tafiyar da shi, a buga kowa ya gani. A nuna mana taswirar inda na Kano ko na Kaduna zai bi, da yawan mutanen da ke zaune tafiyar minti goma daga kowace tasha. A faɗa mana nawa tikiti zai kama idan an daina kyauta, a gwada shi da kuɗin adaidaita. Sannan a cikin kasafin ma'aikatar ayyuka na bana a nuna mana layin da aka rubuta murfin kwata da gefen titi da dashen itace, da adadin da aka sa a gabansa.